Katangar Da Sahabi Ya Gina

Akwai wani matashi a Gusau mai suna Sahabi. In dai maganar kwamfuta ake yi, ko masu jin haushinsa ba sa musun cewa ya iya. Ba wata babbar makaranta ya je ya koyo ba. Shi ya zauna ya ƙwaƙulo abin da kansa, tun yana gyaran waya a bakin kasuwa har ya kai ana kiransa ofisoshi.

Da Linux yake aiki, wato tsarin kwamfutar nan da ba a saye, wanda kowa ke da damar buɗe cikinsa ya gyara yadda yake so. Sahabi yana alfahari da wannan ƙwarai.

Matsalarsa ɗaya ce. Ba ya yarda kuskure zai iya fitowa daga wajensa. In abu ya lalace, to ko dai sabis ne, ko wuta, ko kuma mai amfani da abin ne bai waye ba.

Yana aiki da wata ƙaramar ƙungiya da Hajiya Nana Khadija ta kafa bayan ta yi ritaya daga aikin jinya. Hajiya ta daɗe tana ganin matan karkara suna rasa rayukansu wajen haihuwa don kawai ba a samu motar da za ta kai su asibiti ba. Sai ta tara direbobi masu son taimako a yankin Tsafe da Bungudu, ta kuma ajiye ma'aikaciyar lafiya a kowane ƙauyen da suke aiki.

Sahabi ne ya haɗa musu manhaja a waya. In haihuwa ta zo da gardama, ma'aikaciya za ta rubuta sunan matar da ƙauyenta ta danna. Saƙon zai tafi wata babbar kwamfuta a ofishinsu na Gusau, wadda suke kira saba, ita kuma ta watsa shi ga wayar duk direbobin da ke kusa a lokaci guda. Wanda ya fi kusa sai ya ɗauki hanya.

Abin ya yi aiki. An ceci mata da dama. Kan Sahabi ya ƙara girma.

Wata safiya cikin damina ya shigo ofis ya tarar sabar tana jan ƙafa. Da ya duba, sai ya ga wasu ɓata gari na intanet suna ta ƙwanƙwasa ta, suna gwada kalmomin sirri ko za su dace su shiga. Irin wannan ba baƙon abu ba ne, amma ran Sahabi ya ɓaci.

A cikin kowace saba akwai katangar tsaro, wadda masu harkar ke kira fayawol. Aikinta kamar na mai gadi ne a bakin ƙofa. Ana rubuta mata dokoki, wane ya shiga, wane kada ya shiga, ita kuma ba ta da tausayi ba ta da tunani, abin da aka rubuta kawai take bi.

Sahabi ya lura da wani adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a intanet, da ya fi nacin ƙwanƙwasawa. Maimakon ya toshe shi shi kaɗai, sai ya ce a ransa gobe ma da wani adireshin maƙwabcinsa za su dawo. Ya rubuta dokar da ta toshe rukunin adireshin gaba ɗaya, kamar mutumin da ɓarawo ɗaya ya dama, sai ya hana duk 'yan unguwar ɓarawon shiga gidansa. Ya ɗora dokar a can sama da sauran.

Ya kuma umarci katangar kada ta riƙa ba wanda ta tare amsa, ta yi shiru kawai. Sannan ya kashe rahoton da take rubutawa na waɗanda ta tare, don yana cika masa wuri.

Ya gwada manhajar da wayarsa a ofis, ta tafi. Ya kira ma'aikaciyarsu ta 'Yankuzo a Tsafe ya ce ta aiko da saƙon gwaji, ya shigo nan take. Ya miƙe ya yi miƙa, ya je ya gaya wa Hajiya ya yi maganin ɓarayi.

Abin da bai tsaya ya bincika ba shi ne, rukunin da ya toshe na wani kamfanin layin waya ne. Kuma layin nan shi kaɗai ke kamawa a Karakkai ta ƙasar Bungudu.

Ma'aikaciyarsu ta Karakkai sunanta Hafsatu. Mace ce mai natsuwa, ta girmi Sahabi nesa ba kusa ba, kuma matan garin sun yarda da ita. Takan gwada manhajar lokaci lokaci don ta tabbatar tana aiki. Ita ce ta fara kiransa.

"Malam Sahabi, ina kwana. Wanga abu naka in na danna sai ya yi ta juyawa, ba ya nuna ya tafi, ba ya nuna bai tafi ba."

"Sabis ne, Malama. Kin san ƙauyenku."

"To ai ina shiga sauran abubuwa lafiya lau. Jiya ma na ga hoton da ɗiyata ta turo min."

"Ki kashe wayar ki kunna."

Ta kashe ta kunna. Bai yi ba. Da ta sake kira ya ce ta goge manhajar ta sake saukewa. Ta nemi wanda ya taya ta, aka yi, bai yi ba.

Ranar da ta shiga cikin garin Bungudu karɓo magunguna, ta tsaya a inda sabis ya cika, ta gwada. Abin ya ci gaba da juyawa. Ta kira shi daga nan.

"Malam Sahabi, yanzu haka ina Bungudu, sabis ya cika taf. Wallahi bai tafi ba. Don Allah ko za ka duba ta wajenku?"

Wannan kalma ta "wajenku" ita ta sosa masa rai. Ya buɗe sabar, ya leƙa inda saƙonni ke sauka, bai ga komai daga Karakkai ba. Bai ko waiwayi katangar ba, tunda a ganinsa aikin da ya yi da hannunsa ba ya buƙatar dubawa.

"Malama, na duba. Komai lafiya yake a nan. 'Yankuzo na aikowa, sauran ƙauyuka na aikowa. Ke kaɗai ce ke kuka. Ko dai wayarki ta tsufa, ko kuma akwai abin da kike dannawa ba daidai ba."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Da ya ajiye wayar ya dubi Hajiya yana dariya ya ce, "Hajiya, matar nan ta Karakkai sai an sake zaunar da ita an koya mata. Ta kasa danna maɓalli ɗaya, amma so take ta koya min aikina."

Hajiya ta ce, "Hafsatu ba ta cika ƙorafin banza ba fa, Sahabi."

"Na'ura ba ta ƙarya, Hajiya."

Hajiya ba ta san kan kwamfuta ba, don haka ta bar maganar. Aka tsayar da cewa in an samu sarari zai je Karakkai ya duba wayar. Sararin bai samu ba. Daga baya ma in ya ga kiran Hafsatu sai ya bar wayar ta yi ta ringi har ta gaji.

A Karakkai akwai wani manomi, Ashiru, da matarsa Ladidi mai tsohon ciki. Wata ranar kasuwa da hantsi naƙuda ta kama ta. Hafsatu ta je, aka haihu lafiya, namiji. Mata suka fara guɗa.

Sai jini ya ɓalle.

Hafsatu ta yi duk abin da ta sani, ta ba ta maganin da ke hannunta, jinin bai tsaya ba. Ta ɗauko waya, ta rubuta sunan Ladidi, ta danna. Abin ya fara juyawa. Ta ce a ranta wataƙila yau Allah zai sa ya tafi, tunda bai ce ya ƙi ba. Ta sake dannawa.

Ta kira direbobin da take da lambarsu. Ɗaya ya yi lodin hatsi ya nufi Gusau tun da safe, ɗayan wayarsa a kashe. Ta kira Hajiya, aka ce ba a samunta, tana wani taro. Sai ta kira Sahabi, don shi ke da lambobin duk direbobin a kwamfutarsa.

A lokacin yana wajen walimar ɗaurin auren abokinsa, an ajiye musu shinkafa da nama. Ya ga sunanta a waya, ya ja tsaki, ya kifa wayar a kan tabarma. Ta sake kira, ya sa ta a shiru ya jefa aljihu.

Da Hafsatu ta ga ba mafita, aka ɗora Ladidi a babur. Wani ƙanin Ashiru ya tuƙa, Ashiru ya zauna a baya ya rungume ta. An yi ruwa, hanya duk taɓo. Kafin su hau kwalta jikinta ya saki a hannunsa.

Abin da ya fi ciwo, a daidai lokacin akwai wani direban ƙungiyar, dattijo Malam Mamman, zaune a mahaɗar da ba ta da nisa da garin, motarsa babu kowa, yana jiran fasinja. Bai daɗe da shiga ƙungiyar ba, shi ya sa Hafsatu ba ta da lambarsa. Sabar ce ke da ita. Wayarsa tana aljihunsa, ba ta yi ƙara ba.

Washegari Hajiya ta kira Sahabi ofishinta, idanunta sun yi ja.

"Sahabi, mun rasa mace a Karakkai. Hafsatu ta ce ta aiko da saƙo. Ka duba min."

Ya tuna kiran da ya ƙi ɗauka, amma bai ambata ba. Ya buɗe inda saƙonni ke sauka, ya juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Ki gani da idonki, Hajiya. Babu komai. Da ta aiko da ya shigo."

Hajiya ta daɗe tana kallon abin da ba ta fahimta ba. Daga ƙarshe ta ce a dakatar da Hafsatu har a gama bincike.

Maganar ta isa Karakkai, kuma ta isa a karkace. Aka ce masana na Gusau sun duba na'ura sun tabbatar Hafsatu ba ta nemi mota ba. Matan da suka gan ta riƙe da waya a ɗakin haihuwa suka ce ashe latse latse take yi mace na zubar da jini. A wajen zaman makoki, Ashiru, da baƙin ciki ya rufe masa ido, ya nuna ta da yatsa a gaban jama'a ya ce ita ta kashe masa mata.

Hafsatu ta ja mayafinta ta koma gida ta rufe ƙofa.

Bayan an share makoki Hajiya ta ce wa Sahabi ya shirya, Malam Mamman zai kai shi Karakkai ya karɓo wayar ƙungiya daga hannun Hafsatu, ya kuma duba ta a can. Ya ɗauki laftof ɗinsa ya shiga mota, yana ganin zai je ne ya nuna mata inda take kuskure.

Suka same ta a zauren gidansu. Ta rame. Ta gaishe su, ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Ga ta nan, Malam Sahabi. Gwada da kanka."

Ya duba tasa wayar tukuna, ya ga babu sabis ko ɗigo, layinsa ba ya kamawa a garin. Ya karɓi tata, ya buɗe manhajar, ya rubuta saƙon gwaji yadda ya kamata a rubuta, ya danna.

Abin ya fara juyawa.

Ya jira. Ya sake. Ya duba data, akwai. Ya buɗe wani shafi na intanet, ya buɗu nan da nan. Ya buɗe laftof, ya jona shi da datar wayarta, ya nemi shiga sabarsa kai tsaye kamar yadda yake yi kullum daga gida.

Shiru. Sabar da ya haɗa da hannunsa ta ƙi kula shi. Ba ta ce ya shiga ba, ba ta ce kada ya shiga ba.

Ya san wannan shirun. Shi ya umarci katangar ta riƙa yin sa.

"Mi ka gani?" Hafsatu ta tambaya.

Ya rufe laftof ɗin ya ce, "Sai na koma ofis na bincika sosai."



A hanyar komawa Malam Mamman ya yi ta ba shi labari, Sahabi bai ji ko ɗaya ba. Addu'a yake yi a zuci Allah ya sa ba abin da yake zato ba ne.

Suna isa Gusau bayan azahar ya wuce ɗakin sabar ya rufo ƙofa. Malam Mamman ya tsaya a tsakar ofis yana alwala.

Sahabi ya ajiye wayar Hafsatu a kan tebur. Da farko ya ƙi taɓa dokar da ya rubuta. Ya sake kunna manhajar sabar, ya danna wayar, bai yi ba. Ya rubuta sabuwar doka mai cewa a bar duk saƙon manhaja ya wuce, ya danna wayar, har yanzu juyawa take. Wani ɗan sanyi ya shige shi, ya ce to wataƙila ba katangar ba ce.

Sai ya tuna katanga daga sama take fara karanta dokoki, kuma da zarar ta ci karo da wadda ta dace da mai ƙwanƙwasawa, ba ta ƙara duba na ƙasa. Sabuwar dokarsa tana can ƙasa. Ta toshewar tana sama da kowa, inda ya ɗora ta.

Ya kunna rahoton da ya kashe. Ya miƙa yatsa ya danna wayar Hafsatu. Nan take rubutu ya fito a fuskar kwamfutar cewa an tare saƙon. Ya dubi adireshin, ya dubi dokarsa. Yana cikin rukunin da ya toshe.



Shaiɗan ya zo masa da shawara. Babu wanda ya san kan na'urar nan sai shi. In ya goge dokar ya yi shiru, gobe sai ya ce ya gyara wayar, tsufa ne ya dame ta. Hajiya za ta yarda. Wadda ta rasu ta riga ta rasu, faɗar gaskiya ba za ta dawo da ita ba.

Ya goge dokar, da niyyar yin shirun.

Abin da ya manta shi ne, shi da kansa ya tsara manhajar ta riƙa ajiye duk saƙon da bai tafi ba, ta aika shi da zarar hanya ta buɗe. Wayar da ke kan tebur ta yi ƙara. Juyawar ta tsaya. Saƙonnin da suka maƙale suka fita ɗaya bayan ɗaya, sabar kuma ta yi aikinta, ta watsa su ga direbobi.

Daga tsakar ofis ya ji wayar Malam Mamman ta ɗauki ƙarar gaggawa.

Kafin ya miƙe an turo ƙofa. Dattijon ne tsaye, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, yana riƙe da waya nesa da jikinsa kamar wuta ce.

"Malam Sahabi, mi ne ne wannan? Ladidi matar Ashiru, Karakkai, jini ya ƙi tsayawa, a zo da gaggawa. Wace Ladidin? Wadda muka yi wa salla?"

Hajiya ta fito daga ofishinta da tata wayar a hannu, wasu direbobin sun fara kiranta suna tambaya ko su kama hanya. Ta karanta saƙon. A ƙasansa akwai ranar da aka rubuta shi da lokacin, hantsin ranar da Ladidi ta rasu. Ba ɗaya ba ne ma, Hafsatu ta yi ta aikowa.

"Sahabi," muryarta ta yi ƙasa sosai, "ka ce min ba ta aiko ba."

Babu sauran wurin ɓuya. Ya durƙusa a gabanta ya faɗi komai, dokar da ya rubuta, rahoton da ya kashe, kiran da ya ƙi ɗauka a wajen walima. Har niyyar da ya yi ta ɓoyewa bai rage ba, don ya ga ba shi da ƙarfin ɗaukar wata ƙaryar.

Malam Mamman ya jingina da bango ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina zaune a mahaɗa ranar nan, ina korar ƙuda. Da wanga saƙo ya zo, da kafin a ɗaura mata zane na iso."

Hajiya ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Kuskuren na'ura kowa na yi. Amma matar nan ta roƙe ka ka duba, ka mayar da ita abin dariya. Ni ma ina da nawa laifin da na bi maganarka ban bi abin da na sani game da ita ba. Gobe za mu Karakkai. Da bakinka ka ɓata ta, da bakinka za ka wanke ta."

Washegari suka tafi. Aka tara mutane a ƙofar gidan mai gari, aka kira Ashiru. Sahabi ya tsaya a gaban manoman da bai taɓa ɗauka da muhimmanci ba, ya rasa yadda zai yi musu bayanin katanga da adireshi. Sai ya ce kawai, "Malama Hafsatu ta nemi mota. Ta nema ba sau ɗaya ba. Ni na rufe hanyar da saƙonta zai bi, kuma da ta gaya min ban saurare ta ba. Da ta kira ni ranar, ina gani na ƙi ɗauka."

Wani tsoho ya fara salati a hankali.

Ashiru ya daɗe kansa a sunkuye. Da ya ɗago, ba fushi ne a fuskarsa ba, gajiya ce.

"Malam, Ladidi kwananta ne ya ƙare, wannan na bar wa Allah. Amma ni na tashi a gaban jama'a na kira baiwar Allah mai kisan kai, saboda an ce masu ilimi na birni sun duba. Matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Yanzu da wane ido zan dube ta?"



Aka aika a kira Hafsatu. Ɗan aiken ya dawo ya ce gidan a rufe yake. Maƙwabta suka ce jiya da yamma, bayan an karɓi wayar, yayanta ya zo daga Tsafe ya kwashe ta da kayanta. Ta ce ba za ta iya zama a garin da mata ke janye 'ya'yansu in ta wuce ba.

Hajiya ta je Tsafe da kanta ta ba ta haƙuri, ta roƙe ta ta dawo aiki. Hafsatu ta karɓe ta da mutunci, amma ta ce hannunta ba ya iya karɓar haihuwa yanzu, da ta ga jini sai jikinta ya kama rawa. Aka nemi wata ma'aikaciyar a kai Karakkai, ba a samu wadda ta yarda ta zauna ba. Ɗakin da Hafsatu ke duba mata ya zauna a kulle.

Sahabi ya gyara katangar yadda ya kamata. Ya toshe masu kutsen su kaɗai, ya bar rahoto a kunne, ya bi kowane ƙauye ya gwada saƙo da layin da ke kamawa a can. Aikin da ya gama cikin ɗan lokaci, wanda da ya yi shi tun kiran farko da ba a kai ga haka ba. Saƙo daga ko'ina yana shigowa yanzu. Daga Karakkai ne kawai babu mai aikowa.

Abinci ya daina yi masa daɗi. Abokansa suka ga ya daina zuwa majalisa, in an yi gardamar kwamfuta ba ya sa baki. Mahaifiyarsa ta tsare shi ta tambaye shi abin da ke cinsa, ya gaya mata. Ta ce, "Ka nemi gafarar Allah, amma hakkin mutum sai mutum ya yafe. Ka tashi ka je."

Ya shiga mota ya tafi Tsafe. Ya yi tambaya har aka nuna masa gidan yayan Hafsatu. Ya yi sallama, mutumin ya fito, Sahabi ya faɗi sunansa. Fuskar mutumin ta canza, amma ya shimfiɗa masa tabarma a zaure ya shiga ciki.

Sahabi ya zauna yana jin motsin gidan, ana daka, yara na wasa. Ya shirya maganganu da yawa a hanya, yana ta maimaita su a zuci.

Can yayan ya fito shi kaɗai.

"Ta ce in gaya maka ta yafe maka, duniya da lahira, don tana son Allah ya yafe mata nata. Amma ta ce don Allah kada ka sake zuwa. Ba ta son jin muryarka."

Sahabi ya yi godiya, ya sa takalmansa. Yayan ya naɗe tabarmar tun kafin ya kai bakin titi.

Darasi: Iya aiki ba ya hana kuskure, girman kai ne ke hana a gano shi da wuri. In wanda ke amfani da abin da ka haɗa ya ce maka akwai matsala, fara duba wajenka kafin ka ɗora masa laifi, ko da kana ganin ka fi shi sani. Kalmar da ka faɗa a kan mutum don kare kanka tana iya rusa mutuncin da ya daɗe yana ginawa, kuma ba kowace ɓarna ce ban haƙuri ke gyarawa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman waɗanda rayuwar wasu ke rataye a kan aikinsu. Allah ya raba mu da girman kai, ya ba mu kunnen sauraro.